Waifai ɗinmu a cikin kwalla

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Falmata, daga Hausari a Potiskum.

Tare muka fara koyon zanen lalle a waya da maƙwabciyarmu Hajjo. Babanta ya rataye na'urar waifai ɗinsu a tsakar gida, bidiyonta ba ya tsayawa. Nawa kuwa sai ya yi ta juyawa. Yayana ya canza wa tamu na'urar layi, duk a banza. Ashe Innarmu ce ke rufe na'urar cikin kwallar ƙarfe don kada yara su taɓa, ƙarfen kuwa yana tare sigina.

Yanzu Hajjo har amare take yi wa lalle. Wallahi da ƙyar nake amsa gaisuwarta. Kuma ina jin nauyin yi wa Inna magana. Don Allah Anti, ke ki faɗa mata, yanzu haka tana saurarenki.