Albasa Ta Je, Albasa Ta Dawo

Gada ta karye, manyan motoci sun yi layi a kowane tsallake. Direbobi biyu da suka san juna, tsoho daga wannan tsallake da matashin da ya hayo ta kwalekwale daga wancan, suka haɗu a teburin mai shayi.

"Baba, me ka ɗauko?"

"Albasar gonar gwamnati. Garinku zan kai."

"Ikon Allah! Ni ma albasa ce, garinku aka tura ni. To ai shi ke nan! Ka juya ka sauke taka a garinku, ni ma in juya da tawa. Matata watan haihuwarta ya kama, yau ko gobe."

"Ba haka hukumar rabon abinci ta tsara ba, yaro."

"Hukumar tana jin warin da ke tashi daga motata? Ta fara ruɓewa fa! A kasuwarmu mata har faɗa suke a kan albasa ɗaya."

"Kai ba ka fahimci tsarin ba. Gonar ta kowa ce, abincin na kowa ne. Mu ci guminku, ku ci namu, babu wanda zai kwana da yunwa."

"Baba, albasa albasa ce! Miya ta san garin da aka noma ta?"

"Rage murya. Ko na yarda, tawa ba za ta karɓu a garinmu ba."

"Saboda me?"

Tsohon ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Taku ce. Ni na kwaso ta daga garinku wancan watan. Hukuma ta ce an yi kuskure, in mayar."