Ramuka Shida Ba Duka Ɗaya Ba Ne

Malam liman, shugaban ƙungiyar direbobi, dattawan gareji, Inna uwargidan marigayi, 'ya'yansa da jikokinsa, jama'a, assalamu alaikum.

Ni direban a-kori-kura ne. An ce in yi magana a madadinmu, kuma wallahi da sun san abin da na yi wa mutumin nan da ba su zaɓe ni ba.

Baba Mai Kwali ya kasance bakanike wanda bai yarda da ido ba. Mu direbobi in mun ƙirga ramukan wili shida, motarmu ma ƙusoshi shida, shi ke nan, sai mu ɗaura. Shi kuwa sai ya shafa giris a kan ƙusoshin, ya danna kwali a kai ya ɗauki shatinsu, ya ɗora a kan wilin ya duba. Ya kasance yana cewa kowane kamfani da tazararsa. Mun sha yi masa dariya a kan kwalin nan.

Wata safiya wilina ya lanƙwashe, ga mata tara da kwandunansu a bayan mota. Na ari safaya ta wata mota da ba irin tawa ba. Noti biyar suka shiga da ƙyar, na shida na sa masa guduma. Sai ga Baba. Ya gwada da kwalinsa, bambancin bai kai kaurin farce ba.

Ya ce, "Sauke."

Na ce, "Haba Baba, kasuwa za ta watse!"

Ya ɗauko bencinsa ya zauna a gaban motar. Ya ce, "To, bi ta kaina."

Jama'a, na zage shi. Tsohon banza na ce masa, a gaban mata. Sai ya je ya kwance tayar tasa motar, wadda irin tawa ce, ya mirgino. Da muka cire ta aron, ƙusa biyu suka faɗo a tafin hannunsa, sun riga sun tsage. Hanyar kasuwar nan kuwa kun san gangarenta.

Shekara huɗu ina gaishe shi, girman kai ya hana ni cewa na gode, balle in ba shi haƙuri. Jiya na je wurin Inna in roƙi gafara. Ta ce, "Ai ranar da dariya ya dawo. Cewa ya yi, yau na sha zagi, amma mata tara sun koma wa 'ya'yansu."

Inna, mun gode da kika ba mu aron mijinki shekara talatin. 'Ya'yansa, ku ɗaga kai, ubanku ya kasance mutum.

Baba, na gode. Na makara, amma na gode.

Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya tare masa wuta kamar yadda ya tare mana hanya. Amin.