Kiristan da Ya Rufa Masallaci

Salamu alaikum Malama mai gabatarwa, Sani ne daga Dubai.

A gidan abincin da nake zuwa a unguwar Al Rigga akwai kuku biyu 'yan tsibirin Ambon na Indonesiya, Yusuf Musulmi da Markus Kirista. Na ga hoton Markus yana buga rufin masallaci, na ce, "Ashe ka musulunta!" Suka yi ta dariya. Yusuf ya ce lokacin rikicin addini a Ambon, Musulmi da Kirista ko jirgin ruwa ɗaya ba sa shiga. Yanzu mutanen Markus ke rufa masallacinsu, su kuma su rufa coci, yadda kakanninsu suka saba.

Wallahi na ji daɗi! Ku gaishe min da Bulus a ƙetaren gadar Kaduna. Abokina, kogi ne kawai tsakaninmu. In na dawo, zan tsallako.