Kada a Cire Gwajin Gadaje

Mai girma shugaban wannan zama, shugabar ma'aikatan jinya da ta baro aikinta ta zo, manyan injiniyoyi, abokan aikina masu rubuta manhaja, da sauran jama'a, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana kafin a ɗaga hannu a kan gwajin da na rubuta, wanda ake so a cire domin a samu a miƙa wa asibiti manhajar rabon gadaje.

Da farko, ga abin da gwajin yake tsarewa. Manhajarmu tana gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda, kowane aiki muna ce masa zare. Idan gado ɗaya ya rage, zare biyu suna iya dubawa tare, kowanne ya ga babu kowa a kai, kowanne ya ba majinyacinsa. Sai a turo tsohuwa a keke, da robar ƙarin ruwa a hannunta, ta tarar da wata kwance. Gwajina yana sakin zaruruwa da yawa su yi rige-rige a kan gado ɗaya, sannan ya duba mutum nawa aka ba.

Na biyu, na san ya gundure ku. Yau kore, gobe kore, alamar komai lafiya, rana tsaka sai ya yi ja, alamar ya kama kuskure. Ku kuwa kun saba, a sake kunna shi har ya yi kore, a tafi cin abinci. Ni nake zama. Har suna kuka raɗa mini, Uwar Ja, kuma ina amsawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk lokacin da na kira wani ya gani, sai gwajin ya yi garau, kamar yaron da aka kai gaban likita. Ranar nan na jawo abokin aikinmu Dogo daga teburinsa, ya tsaya da kofin shayi yana kallo, ya ce, "Yaya, anya ba idonki ba ne?" Ya yi dariya, ni ma na yi. Yana juya baya allon ya yi ja. Wallahi akwai kaɗaici a ce kana ɗaki cike da mutane, kai kaɗai kake ganin abu.

Na uku roƙo ne. Ban gano inda kuskuren yake ba tukuna, idona ya saba da rubutun har ba ya ganin komai. Ina roƙon a bar gwajin, ina roƙon mutum ɗaya ya jawo kujera kusa da ni mu bi layi-layi. Idan aka cire shi allonmu zai yi kyau, amma kuskuren zai bi manhajar har ɗakin majinyata, inda ba mu za mu ba tsohuwa haƙuri ba.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, Allah ya yi wa aikinmu albarka, ya mai da kowa gida lafiya. Allah ya sa idan shugaba ya ce masu son a bar gwajin su ɗaga hannu, in waiga in ga ba nawa kaɗai ba ne a sama.

Na gode.