Koriya Ta Uku

Ɗan'auta: Alo? Alo! Salamu alaikum. Yaya Lawali? Jidda ce?

Lawali: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Ɗan'auta: Ni ne, Ɗan'auta, daga Gadarif.

Lawali: A'a, autan Inna! Yau ba ka buga ka katse ba, har ka bari na ɗauka? Ina wuni?

Ɗan'auta: Lafiya lau, Yaya. Ina gajiya?

Lawali: Ba gajiya. Ya Hanatu da yara?

Ɗan'auta: Suna lafiya. Ya aiki? Ya zafin Jidda?

Lawali: Zafi lokacinsa ne. Ya Inna?

Ɗan'auta: Tana nan. Ta ce a gaida mutumin Jidda.

Lawali: Mutumin Jidda! Shekara tara ina ƙasar nan, ko sau ɗaya ba ta karɓi waya ta ce mini sannu ba. Kunyar ɗan fari har ta waya? To, ina amsawa. Ya Goggo Atika, an leƙa Showak kwanan nan?

Ɗan'auta: Showak... eh. Yaya, ka ci abinci kuwa?

Lawali: Me ka ce? Shabakar waya tana yankewa.

Ɗan'auta: Na ce kana zaune ne ko kana tuƙi?

Lawali: Ina gindin tankar ruwa, ina jiran a cika mini. Wannan hayaniyar fa? Kana mauƙif ne, tashar mota?

Ɗan'auta: Ina mauƙif. Nimrata, lambar lodina, ta kusa, saura motar hafila biyu a gabana. Yaya, izini nake nema.

Lawali: Izinin me?

Ɗan'auta: In fitar da motarka Koriya daga layi. Yau kaɗai.

Lawali: La haula! Na sani! Tun da ka bari na ɗauka na san ba gaisuwa ce ta kawo ka ba. A'a.

Ɗan'auta: Ka tsaya ka ji, Yaya...

Lawali: Na ji, a'a. Wa ya sa hannu a Alƙur'ani gaban Kawu Sharu, ya ce motar nan ba ta ƙara barin layi sai da yawuna?

Ɗan'auta: Ni ne. Shi ya sa na kira.

Lawali: To yawun nawa ya ce a'a. Biki ne ko suna?

Ɗan'auta: Rasuwa ce.

Lawali: Allah ya jiƙan Musulmi. Su hau motar haya kamar kowa.

Ɗan'auta: Mutum talatin ne da wani abu, yawanci tsofaffi, ga tabarmi ga butoci...

Lawali: Kullum tsofaffi ne! Ya zol, kai mutumin nan, bari in tuna maka, tunda kanka kwando ne. Hafila uku na saya. Uku! Na ce a shafa musu kore don a gane su daga nesa, daga unguwa zuwa Babbar Kasuwa, daga can zuwa kasuwar hatsi. Ba a taɓa yin Bahaushe da layinsa na kansa a Gadarif ba sai mu. Ƙarya ne?

Ɗan'auta: Gaskiya ne. Ranar da aka buɗe har rago biyu aka yanka. Mata suna guɗa, Larabawan mauƙif suna leƙe.

Lawali: Wata goma sha huɗu ke nan. Ina ta fari?

Ɗan'auta: Yaya, rasid, kuɗin wayata...

Lawali: Ina ta fari, na ce!

Ɗan'auta: Tana bayan gidan makaniki.

Lawali: Kaji suna ƙwai a cikinta, Faisal maƙwabcinku ya gaya mini da ya zo umra. Wane mai hankali ne zai ɗauki hafila ya nufi Hawata a tsakiyar damina? Baƙar lakar nan da ko jaki sai ya yi shawara?

Ɗan'auta: Surukina ne ya rasu, Yaya. Uwar Hanatu ta aiko. Da wane baki zan ce mata ba mota, alhali tana ganin uku suna wucewa ta ƙofar gidanta?

Lawali: Kwana goma sha ɗaya tana cikin laka, inji ya sha ruwa ya ƙoshi. Ta biyu fa?

Ɗan'auta: Ai ka san wannan. Riɗin Kawu Sharu ya nuna, in ba a yanke cikin mako ba ya zube ƙasa. Ya ce a kai masa 'yan ƙwadago gona.

Lawali: Mutum hamsin a motar mutum ashirin da biyar, da lauje da buhunan gari! Ta dawo da karyayyen baya.

Ɗan'auta: Da an gyara ta. Sai kasha, kamen samari, ta kwashe Zakari direba, aka tafi da shi hidimar soja, babu mai tuƙa ta. Shi ya sa ta zauna.

Lawali: Kai ba ka rasa amsa. An ce zumunta a ƙafa take, ba a ce a tayar motata take ba! Ni ina nan ina shan rana, fasfona a aljihun kafili ubangidana, ku kun mai da Koriya motar gayya. Wanda aka haifa, Koriya. Wanda ya mutu, Koriya. Kwandastan ma ba ya iya miƙa hannu, wannan kawu ne, waccan gwaggo ce, wancan ya yi wa Baba wankan gawa.

Ɗan'auta: To duk unguwar dangi ne, Yaya, tare kakanninmu suka tako daga yamma. Wa zan bari a rana?

Lawali: Alo? Me ka ce?

Ɗan'auta: Na ce saura hafila ɗaya a gabana! Abdelrahman shehun mauƙif ga shi can yana duba agogo yana dubana.

Lawali: Me ya ce maka wancan karon? Maimaita, ina so ka ji da kunnenka.

Ɗan'auta: Ya ce na tsallake nimra sau bakwai, fasinjan kasuwar hatsi sun gaji da tsayuwa. In na ƙara ko sau ɗaya, halas, ya shafe sunanmu daga allo, ya ba wasu layin. Akwai mutum uku da ke jira.

Lawali: To ka ji. In layin nan ya tafi, ba ya dawowa. Shekara tara ta tafi ke nan. Ni kuma da me zan dawo gida? Shiga nimrarka, ka ba masu makoki haƙuri.

Ɗan'auta: Sai haƙuri, Yaya.

Lawali: Haka na ce, ka ba su haƙuri.

Ɗan'auta: Kai nake ba.

Lawali: Ni? Wai ina ne rasuwar ma?

Ɗan'auta: Showak.

Lawali: Showak? A gidan wa? Maƙwabtan Goggo ne?

Ɗan'auta: Jikin Goggo ya ɗan motsa tun shekaranjiya. Zazzaɓi. Ta hana a gaya maka, ta ce kada a ɗaga maka hankali kana ƙasar mutane.

Lawali: To a kawo ta Gadarif mana! Wannan ai ba sai ka tambaye ni ba, ɗauki motar ka...

Ɗan'auta: Yaya.

Lawali: Ɗan'auta, ka ce rasuwa.

Ɗan'auta: Da hantsin nan. Tana kan tabarmar sallarta. Bayan la'asar za a kai ta.

Lawali: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ɗan'auta: Sai haƙuri.

Lawali: Innalillahi... Goggo? Goggona?

Ɗan'auta: Alo? Yaya, kana ji na? Alo!

Lawali: Ina ji. Ka bar ni ina ta zuba, ina lissafa maka kaji da laka, uwata tana kwance? Me ya hana ka faɗa tun farko?

Ɗan'auta: Inna ce ta ce kada in jefa maka shi kamar dutse. Ta ce ka fara zama, ka sha ruwa. Na yi ta neman ƙofa, ba ka bar mini ba.

Lawali: Ranar da aka yaye ni aka miƙa mata ni. A bayanta na yi wayo. Ita ta sayar da tumakinta ta sa ni a jirgin ruwa. Na ce mata bana zan dawo, bara ma haka na ce. Wallahi zuciyata ta karye, Ɗan'auta. Ko yau kafili ya ba ni fasfo, ba zan tarar da ita ba.

Ɗan'auta: Ta yafe maka, kullum tana faɗa. Ka san sau ɗaya ta hau Koriya? Wannan ta ukun ce ma. Ranar buɗewa ta zo daga Showak, aka ce mata ga kujerun mata, ta ce ita kusa da direba za ta zauna, motar ɗanta ce. Ta tofa addu'a a sitiyari. Muka kai kasuwa ta ƙi sauka, sai da muka yi zagaye huɗu.

Lawali: Ba ka taɓa gaya mini ba.

Ɗan'auta: Ba ka taɓa tambayata komai ba sai labarin taya da inji. Yaya, ta gabana ta cika, tana fita. Abdelrahman yana kiran nimrata. Ga shi yana ɗaga mini hannu. Ka ce wani abu, don Allah, rantsuwa ce a wuyana!

Lawali: Mutanen suna ina?

Ɗan'auta: Suna tsaye bakin katanga, cikin rana. Ban bar kowa ya hau ba. Kawu Sharu, su Ummusalama, liman, duk suna kallon bakina.

Lawali: In ka fita yanzu, ya shafe mu?

Ɗan'auta: Alli yana hannunsa.

Lawali: Ba roƙo?

Ɗan'auta: Na roƙa tun ɗazu. Ya yi mini ta'aziyya har da hawaye, ya ce amma allo allo ne.

Lawali: To ya shafe. Na warware maka, Ɗan'auta, babu komai a wuyanka. Buɗe ƙofa. Ka kwashe su duka, kada ka bar ko mutum ɗaya a ƙasa. Ni ban je ba, motata ta je.

Ɗan'auta: Allah ya saka, Yaya. Jama'a, bismilla, ku hau! A hankali, Kawu! Yaya, Inna ma ta fito.

Lawali: Inna? A mauƙif?

Ɗan'auta: Ga ta da ƙullin kayanta. Wata goma sha huɗu ba ta taɓa sa ƙafa a Koriya ba, da ƙafa take zuwa kasuwa, wai ita ba ta hawa motar mutumin Jidda mutane suna kallo. Yanzu ma ta tsaya a baya, tana jira kowa ya gama.

Lawali: Ka sa ta a gaba. Kujerar Goggo.

Ɗan'auta: Ba za ta yarda ba.

Lawali: Ka ce ni na roƙa. Ka ce yau ba ni da wata uwar sai ita. Tashi motar in ji, ban taɓa jin kukanta ba.

Ɗan'auta: Ka ji ta? Inna, bismilla, nan gaba. Shi ya ce. Eh, yana kan waya... Yaya, ta hau! Ta zauna! Rasid ya kusa ƙarewa, sun yi mini gargaɗi, zan...

Lawali: Tsaya! Ba ta wayar.

Ɗan'auta: Ka san ba ta karɓa, ta juya fuska tana share ido da mayafi... Yaya! Ta miƙo hannu! Wallahi ta miƙo hannu, ga ta, yi magana!

Lawali: Inna? Inna, ni ne. Ya haƙuri, Inna? Alo? Inna? Alo!