Ƙuri'ar da ta raba ni da akushin Baba

Salamu alaikum Malam mai gabatar da shiri. Ni ne Ɗanlami Sarkin Tsokana, daga unguwar Hindawiyya a Jidda. Da ajami na rubuto, a nemo mai karantawa.

Lokacin zaɓe a ƙasarmu, kowace jam'iyya da akwatinta a bayan labule. Babanmu ne shugaban tasu jam'iyyar a unguwa. Ni kuwa na jefa wa ɗan takarar 'yan adawa, don shi ya haƙa mana rijiya. Ba wanda ya gani.

Da rana muna cin tuwo, bakina ya ƙi zama. Na ce, "Baba, yau fa akwatinku ya yi asarar ɗanka." Ina jiran dariya. Sai ya tsame hannu daga akushi, ya wanke. Bai sake cin abinci da ni ba, har na biyo alhazai.

Shekara bakwai ke nan ina dako a kasuwar Balad. Jiya wani alhajin garinmu ya ce Baba ya rasu. Ya ce Baba ya bar mini tambaya ɗaya: da gaske na yi, ko tsokanata ce? Yayyena kuma sun aiko shi cewa in tsokana ce, in dawo gida.

Na ce halas, wato shi ke nan, na ɗauki akwatin alhajin na kai masa masauki. Ban yi kuka ba, har yanzu ban ji komai ba.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Kowa zai yarda in na ce wasa ne. Amma da gaske na yi.