Lafiya Lau a Gaban Likita

A ɗakin jiran wani asibiti a unguwar Nuzla, can ƙasa mai tsarki, Zaharadden, tsohon soja, na zaune rungume da takardu. Dattijon da ke gefensa ya leƙo.

"Malam, maganar iƙama ce, takardar izinin zama?"

"Ina fa, Baba. Can gida aka hana ni haƙƙin nakasa, wai ciwon damuwa ba rauni ba ne. Na ɗaukaka ƙara, sun ce in kawo sabon rahoton likita."

"Ai laifinka ne da ka dawo da ƙafafunka biyu. Nasu likitan bai duba ka ba?"

"Ya duba, ta kiran bidiyo a waya. Na sa babbar riga, na kafa hula. Ya ce ya jiki, na ce lafiya lau."

"Madalla! Shi kuma ya rubuta."

"To me zan ce? Shekara shida ba na barci, ƙofa ta buga sai in kwanta ƙasa. Ana faɗa wa baƙo wannan?"

"Oho, ni ƙanin ubanka ne ke nan? Yalla, maza shiga ka maimaita wa likitan nan."

Aka kira sunansa, ya shiga. Likita ya tambaye shi jiki. Kafin Zaharadden ya yi tunani, bakinsa ya riga shi.

"Alhamdulillahi, da sauƙi."

Daga waje ya jiyo tsakin dattijon.